Nafi'u Yana Kan Teku, Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai miki wannan takarda, amma in ban faɗa miki ba cikina zai fashe.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a gonar Baure, Kawu Sale ya aiko mana da namu. Jar akuyarki ta haifi biyu.

Inna, ƙarya muka yi miki. Autanki Nafi'u ba zaman ofis yake yi a sojan ruwa ba, tun kina da rai yake cikin jirgi. Ni na ce a ɓoye miki saboda hawan jininki, ke da ko rijiya ba kya bari ya leƙa. Ki gafarce ni.

Yanzu an tura shi kwas wata ƙasa, a jirgin yaƙinsu. Shekaranjiya ya kira ni yana ta rawar kai, wai za su yi gwaji. Daga wani tsibiri za a harbo makami mai linzami ta wajen da suke. Na'urar hango abu daga nesa za ta kama shi, ya fito ɗan ɗigo a allon da ke gaban Nafi'u. Kwamfuta ta lissafa gudunsa da inda ya dosa, sai jirgin ya harba nasa, su yi karo a sama. Wai ba inda yake ake auna ba, gabansa ake tara, kuma duk abin bai kai tsawon alwala ba.

Ya ce babu bam a cikin na gwajin, kuma gefe ake saita shi. To in an kuskure fa? Ƙarfe ne fa, Inna. A tsakiyar teku ina mutum zai ruga?

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Da za mu yi sallama ya ce za a karɓe wayoyinsu sai an gama. Ya ce tunda ba kya nan ni ce uwa, in yafe masa, in sa masa albarka, yadda kike yi ko Kano za shi. Na ji abin kamar wasiyya. Kin san bakina. Na balbale shi da faɗa, na ce ba zan yafe ba sai ya dawo Daura da ƙafarsa ya durƙusa a gabana. Ya yi 'yar dariya, aka kira su, ya kashe.

Na kira har yatsana ya gaji, wayar a rufe. Ban ma san ranar gwajin ba. Wataƙila yanzu da nake rubutun nan ɗigon yana tahowa. Wallahi tsoro nake ji, Inna, ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai in zabura in leƙa, kada mugun labari aka kawo.

Me yaron nan ya taɓa yi mini ma? Na yafe masa duniya da lahira. Na faɗa a kan sallaya, na faɗa wa wayar da ba ta shiga, ga shi na faɗa miki. Shi kaɗai ne bai ji ba.

Allah ya haskaka makwancinki, Inna. Sai mun zo.

'Yarki mai saurin baki,
Hadiza