Tsatsar A-kori-kura

Tungan Maje, Abuja
11 ga Maris, 2024

Zuwa ga matata Asibi, Maman Jonah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da dukan mutanen gida a Takum. Yaya jikin Mama, ƙafar ta fara takuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiyata ƙalau, ban da kunnuwan nan da kika sani. 'Yarki Perpetual ta sake yi mini faɗa wai ba na ɗaukar waya. In ɗauka in ji me? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bugun ƙarfe, takarda ta fi masa, shi ya sa na ba direba wannan a tashar Zuba.

Yanzu ki gyara zama, akwai labari. Ranar Asabar Jonah ya zo gida. Ba Kirsimeti ba, ba rasuwa aka yi ba, haka kawai ya taso daga Gudu. Ya gaishe ni sama-sama yadda ya saba, sai ya wuce gindin mangwaro ya tsaya yana kallon tsohuwar a-kori-kurata, Fijon nan da ta shekara goma sha takwas a kafe, kaji na saka ƙwai a kujerarta. Na ɗauka cewa zai yi in sayar wa baban bola mu huta. Sai ya ce in ba shi ita, kuma in koya masa walda.

Maman Jonah, kin san ni na kori yaron nan daga gareji yana ɗan shekara goma sha uku. Na fizge guduma daga hannunsa a gaban mutane, na ce ɗana ba zai kurmance kamar ni ba, biro zai riƙe. Ya riƙe biron, ya samu ofis mai sanyi. Amma tun daga ranar, tsakanina da shi sai ina kwana da sai an jima. Shekara ashirin ke nan, na ƙirga.

Ya nuna mini hotuna a wayarsa, wai sunan abin rat rod. A samu tsohuwar mota, a sare rufinta a rage masa tsawo, a kwantar da ita har cikinta ya kusa shafar ƙasa, a cire bonet injin ya zauna tsirara. Sannan, nan ne hankalina ya tashi, a bar tsatsa yadda take, ba filar cike rami, ba fenti. Na tambaye shi ko wannan hoton kafin gyara ne, ya ce a'a, an gama ke nan. Wai akwai samari masu irin wannan sha'awar, suna taruwa a wani fili a Gudu cikin watan Agusta, kowa ya nuna tasa.

Ni da aka sani daga Zuba har Gwagwalada da kashe tsatsa, yau ɗana yana so in taya shi kiwonta. Maganar ta zo mini har wuya, na haɗiye ta, na ce to. Ya ce zai riƙa zuwa duk Asabar. Da ya ce mu yi wa motar ƙaho da wutsiya ma, to ɗin zan ce.

Ki gaida Mama da kyau, ki gaida ƙaninki David da iyalinsa.

Naki,
Yamusa

Tungan Maje, Abuja
27 ga Mayu, 2024

Maman Jonah,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ku, yaya mai jiki? Takardarki ta iso. Na ga inda kika ce in riƙe bakina kada in kori yaro karo na biyu, har kika ja layi a ƙarƙashinsa. Na ji. Shekara talatin da shida da aure, har yanzu kina ganin ban da hankali.

Asabar goma sha ɗaya bai fasa ko ɗaya ba. Mun ɗaga bodi mun aje gefe, muka tarar tsatsa ba ta ci shasi sosai ba, sai wuri biyu da muka yi wa ƙari. Injin kam ya mutu murus, sai da muka samo wani na Beljiyam. Ranar sare rufi ce ta fi ba ni wuya. Inci huɗu ya ce a cire. Na auna, na ja alli, na miƙa masa abin yanka, na juya baya don ba zan iya kallo ba. Motar da na yi shekara ashirin da biyu ina ɗauko doya da ita daga ƙauyukan Abaji, motar da ta kai ki asibiti haihuwar yaran nan biyu, ga shi ana fille mata kai da yardata.

Waldarsa ta farko kamar kashin kaza, na sa ya kankare ya sake har sau biyar. Bai yi fushi ba. Hannunsa na ofis ya yi bororo, ya fashe, yanzu ya fara kanta. Kuma in gaya miki gaskiya, yaron yana da hannu. Da na bar shi tun farko, da ya fi ni. Wannan maganar tana cina, ke kaɗai na faɗa wa.

Ya samo fitilun tsohuwar tarakta ya ɗaura a gaba. Kujera kuwa bencin coci ne da aka jefar, ya yanka shi daidai. Bututun hayaƙi guda huɗu ya fito da su ta gefe suna kallon sama. Abin ba kyau, amma komai ya zauna daram, don ni na auna.

Rigimarmu ɗaya ce, samfefar goge tsatsa. Duk inda na aje ta sai ya ɗauke ya ɓoye. Wai sabulu da ruwa kawai, sai a shafa ɗan mai don tsatsar ta tsaya a inda take. Ƙofar direba kuwa ko tsumma ba ya bari in kai mata, shi yake wanke ta da kansa. Na ce masa an ga mai gadin banki, ban taɓa ganin mai gadin tsatsa ba sai shi. Ya yi dariya, Maman Jonah, dariya sosai har da riƙe ciki. Na manta rabon da in ga haƙoransa.

Da rana mukan zauna a bayan motar mu ci rogo da ƙuli. Ya gano kunnena na hagu ya fi ji, sai ya riƙa zama ta nan yana ba ni labarin ofis. Rabin abin ba na ganewa, amma ina gyaɗa kai. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: ina jan ƙafa a aikin. Abin da zan gama cikin awa ɗaya sai in kai shi yini. Tsoro nake ji ranar da motar za ta tashi, Asabar ɗin ma ta tashi da ita.

A gaida kowa da kowa. Ki riƙa cin abinci, kada jinya ta kayar da ke ke ma.

Mijinki,
Yamusa

Tungan Maje, Abuja
26 ga Yuli, 2024

Maman Jonah,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara fita ƙofar gida da sanda, mun gode wa Ubangiji.

Mota ta tashi ranar sha uku ga wata. Ni da ba na ji ma na ji ta, ta ƙirji ta shigo mini. Washegari Lahadi ya ce mu je coci da ita, shi a sitiyari, ni a gefe. Da na sani da ban shiga ba. Tun daga bakin titi mutane ke fitowa daga shaguna suna nuna mu. Wani baban bola ya bi mu da kurarsa har ƙofar coci, yana tambaya ko ta awo ce. Bayan sujada mutum biyu daga zumuntar mata suka ja ni gefe, suka ce idan abubuwa sun yi mana tsanani saboda jinyar Mama, kada in ji kunyar faɗa. Jonah yana can yana ɗaukar hoto da yara, ko a jikinsa.

Wanda ya fi ƙona mini rai Mato ne, abokin aikina, wanda ni na koya masa riƙe bindigar fenti. A gaban duk 'yan gareji ya ce ashe Oga Yamusa hannu ya mutu, motar gidansa ma ta gagare shi. Suka kwashe da dariya. Shekara arba'in ban taɓa barin mota ta fita daga hannuna da tabon tsatsa ko kamar ƙwayar gero ba. Sunan nan shi kaɗai na tara a duniya, ba gidan haya, ba fili a Maitama. Kuma wata mai zuwa za a kai ta Gudu, a gaban manyan yara, a ce ga aikin Yamusa.

Ofis sun tura Jonah kwas Legas na kwana goma. To, kada ki ɗaga murya, na riga na yi. Na tura motar rumfar Mato. Kwana uku ina gugar ta har ƙarfe ya fito fari. Na cike duk wani rami da fila, na goge, na sake cikewa. Na buga mata fenti kore, launin ganyen ayaba, hawa uku, na bi da mai ƙyalli. Ban taɓa saran da ya yi wa rufin ba, ban taɓa fitilunsa da bencinsa ba, duk haukarsa tana nan yadda ya bar ta. Kunyar kawai na rufe. Ki zo ki ga fuskarki a jikinta. Mato da kansa ya cire hula.

Na san ya ce kada a taɓa. Amma yaro ne, abin da ya gani a waya yake bi. Bai taɓa ganin aikina na gaske a kan abin da yake nasa ba. Idan ya gani zai gane, ina da tabbaci. Gobe Asabar zai zo, na sa an yanka kaza.

Ki yi mana addu'a, ki gaida Mama.

Naki,
Yamusa

Tungan Maje, Abuja
29 ga Agusta, 2024

Asibi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kuna lafiya, ke da Mama da su David. Ki gaishe su duka tun yanzu, don ban san ko zan tuna a ƙarshe ba. Takardarki ta iso, layi uku kacal. Na karanta, ba ki yi ƙarya ba ko a kalma ɗaya.

Kin ce in gaya miki yadda aka yi. Ya iso wajen ƙarfe goma na safe da kayan aikinsa a jaka, har da tsarabar Legas, tabaran walda sabo ya sayo mini. Na ja shi rumfa, na yaye tamfol da kaina, 'yan gareji suna tafi. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya zagaya wajen ƙofar direba, ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan taga yana shafawa, kamar mai neman abin da ya faɗi. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ce aiki ya yi kyau, Baba. Ya aje mini tabaran a kan benci, ya tari mashin zuwa Zuba. Kazar Mato da yaransa suka cinye.

Asabar huɗu ke nan bai zo ba. Taron Gudu an yi an watse ba shi. Na aika masa takarda biyu, ba amsa. Na sa Perpetual ta kira shi a gabana, ya ce a gaishe ni, aiki ne ya yi yawa. Mun koma ina kwana da sai an jima, sai dai yanzu ta bakin wani.

Perpetual ce ta faɗa mini sauran. Ta zo ranar Lahadi, ta zauna ta kunnen hagu, ta faɗa da ƙarfi don kada in ce ban ji ba. Ashe a ƙofar direba, ƙasan taga, akwai wurin da gwiwar hannuna ta cinye fenti. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi da hannu a waje, har wurin ya loɓa ya yi santsi, faɗinsa kamar tafin hannu. Ta ce Jonah ya gaya mata lokacin yana ƙarami, idan na ɗora shi a baya cikin doya, abin da yake iya hangowa nawa ke nan, gwiwar hannun nan a taga, tun daga Abaji har gida. Ta ce saboda wurin nan ya nemi motar, duk sauran sare-saren daga baya suka zo.

Na tuna wurin sarai. Shi ne ya fi ba ni haushi a duk jikin motar. Sau biyu na cika shi da fila don kada ya nuna, na goge shi da yatsuna har ya yi daidai da sauran. A ranar har yabon kaina na yi.

Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Me ya hana shi buɗe baki ya faɗa mini? Wata biyar muna cin rogo kwano ɗaya. Amma idan na kai nan sai in tambayi kaina wa ya koya masa rufe baki a gabana, sai haushin ya dawo gida. Ya ce kada in taɓa, da Hausa ya faɗa, a kunnen da ke ji. Na zaɓi dariyar Mato a kan maganar ɗana.

Yanzu duk Tungan Maje yabon motar ake yi. Matan zumunta sun ce Allah ya buɗa mana. Wani ya zo neman aronta don ɗaukar amarya, na kore shi da tsawa, har yanzu bai san laifinsa ba. Duk wanda ya ce mini sannu da aiki, ji nake kamar ya mare ni.

Na yi tunanin in kankare fentin, amma me zan tarar? Ƙarfe fari da fila. Abin da na goge ba ya ƙarƙashi, yana cikin ƙurar da Mato ya share. Don haka na turo ta daga rumfa, na mayar da ita gindin mangwaro, na naɗe tamfol na kai ɗaki. Ruwa na dukanta kusan kullum. Da rana nakan shiga in zauna a wurin direba, in ɗora gwiwar hannuna a taga, maƙwabta suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Kowace safiya ina fita in duba ko wani wuri ya fara ja. Ko ɗigo babu, ruwan ma gangarewa yake ya bar ta tana ƙyalli.

Aikina ne, Asibi, na san shi. Fentin da na buga da hannuna ba ya tashi kafin shekara goma sha biyar. Ni kuma bana shekarata sittin da tara.

Mijinki,
Yamusa