Ƙararrawar Mai Farin Hanci

Kautokeino, ƙarshen kaka

Zuwa ga yayata Ravdna,

Gaisuwa ce daga ƙaninki, tare da addu'ar Allah ya sa wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki a can Kanada. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ba ki tsawon rai. Mu ma nan da sauƙi. Matata Magga na nan da surutunta, tana ɗinka wa jikoki takalman fata tana zagin allura. Kawu Heaika ya kurumce sarai, amma ki taɓa maganar kofi ki ga yadda kunne ke buɗewa. Ƙanƙara ta fara sauka, sai dai irin ta zamanin nan ce, yau ta zuba gobe ruwan sama ya bi ta.

Yaya, na san za ki ce Lemet da bai taɓa rubuta wa kowa layi biyu ba, me ya same shi? Waya ba za ta ɗauki maganar ba ne, muryata za ta ba ni kunya. Maganar barewarki ce ta cikin garken da muke kiwo, Mai Farin Hanci, wadda kika rungume tana 'yar jaririya shekarar da kika zo bikin tsaga kunne, na yanka mata shaidarki da wuƙar Baba. Ita ke ɗauke da ƙararrawa tun da uwarta ta mutu, ita ke jan garkenmu zuwa bakin teku duk lokacin haihuwa. Kin dai san mu rakiya kawai muke yi, hanya tana cikin kanta.

Kin ji labarin manyan fankokin da iska ke juyawa su samar da lantarki, waɗanda aka kafa a mashigin dutse, daidai inda muke ƙetarewa. Mun yi kotu har takalmanmu suka cinye, ba mu hana ba. Sai 'yata Risten, da ta gama karatun lauya, ta tara mu ta ce tunda an fi ƙarfinmu, to mu shiga ciki, a ba zuriyarmu hannun jari da kujera a inda ake yanke shawara. Wai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kawu Heaika ya ce mata, 'yar nan, wanda ya ƙwace maka gida ya ba ka kujera a zaure, baƙo ya mayar da kai. Ta yi dariya ta ce Kaka ya tsufa, ya bar masu jini a jika su gwada. Ni ma na goya mata baya, ban ɓoye miki ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma yarinyar nan ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta samo kujerar, ta kuma sa aka rubuta cewa za a tsayar da fankokin duk ranakun da garke zai ƙetare. Ranar da aka sa hannu Magga har da kuka. Aka ɗauki hoton Risten cikin kayanmu na gargajiya, aka liƙa a ko'ina, wai ga 'yan asalin ƙasa sun zama masu kamfani.

Da lokacin tashi ya matso, sai kamfani ya ce a ba shi rana tun da wuri, don ya shirya. Rana, Yaya! Yaushe Baba ya taɓa sa wa garke rana? Ana tashi ne in saman ƙanƙara ya daskare ya iya ɗaukar masu ciki, kuma uwar garke ta ɗaga hanci ta shinshina iskar teku. Na gaya wa Risten haka, ta ce Baba don Allah ka faɗi wani abu, kada su ce mu ne ba mu san abin da muke so ba. Na dubi sama, na dubi fuskarta, na yanka rana.

Ranar ta zo, fankoki suka tsaya cik kamar yadda aka yi alkawari. Amma ruwan sama ya riga ya jiƙa ƙanƙarar, ƙafa sai nutsewa. Mai Farin Hanci ta kwanta tana tuƙa abinta, ko kallon dutsen ba ta yi ba. Muka tura karnuka, muka zaga da baburan ƙanƙara, ta tashi ta matsa kaɗan ta sake kwanciya. Haka muka zauna muna shan kofi muna kallon fankoki a tsaye har wa'adin ya ƙare. Kawu ya ce a je a karanta mata yarjejeniyar, wataƙila ba ta samu kwafi ba. Ba wanda ya yi dariya.

Bayan an kunna su sanyi ya dawo. Da asuba na ji ƙararrawa, Mai Farin Hanci ta miƙe, garke ya bi ta. Risten ta kama waya tana roƙo, aka ce sai an yi zama. Aka yi zaman ta waya, kowa ya ce ya tausaya, amma birane na cikin sanyi, ana bukatar wuta. Aka ɗaga hannu, nata kaɗai ne a gefenmu. Ta ce musu ai mu ma masu kamfanin ne, shugaban ya ce ƙwarai kuwa, shi ya sa aka ba ta damar magana.

Ina bayan Mai Farin Hanci lokacin da ta kai bakin mashigin. Ga rurin fankokin, ga inuwarsu tana sharar ƙanƙara tana dawowa. Ta tsaya, ta daɗe, sannan ta juya. Tun da nake ban taɓa ganin uwar garke ta juya wa teku baya ba. Garke ya watse cikin kwari, suka haihu a cikin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara. Ba zan gaya miki abin da hankaki da gaggafa suka ci ba. 'Yar da Mai Farin Hanci ta haifa ma, mace ce, ba ta kwana da rai ba. Sauran sai a manyan motoci muka kai su bakin teku, kamfani ya biya, har da kawo mana burodi.

Da kakar nan ma a mota suka dawo, kuma kowa ya ce haka za a ci gaba, ya fi sauƙi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to namu 'ya'yan ta tsakanin katakon mota suke leƙen hanya. Risten ta rame, ba ta son haɗa ido da ni. Ta ce za ta ajiye kujerar, na ce ta zauna, don in ta tashi ko mai ɗaga hannu ɗayan ba mu da shi. Amma ni dai zuciyata ta mutu, Yaya, ba na ganin komai a gaba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya na buɗe bakin Mai Farin Hanci, haƙora sun ƙare, ba za ta iya cin gansakukar da suke tonowa a ƙarƙashin ƙanƙara a hunturun nan ba. In na bar ta yunwa za ta kashe ta a hankali. Ita ce ta ƙarshe mai shaidarki, kuma ba a sa wa dabbar wani wuƙa sai da yardarsa, ko da ciki ɗaya kuka fito. Ki ba ni izini in yanka ta kafin sanyi ya yi tsanani. Zan busar miki da naman, Magga ta ce za ta yi miki takalmi da fatar ƙafafun.

Ki gaida maigidanki, da ɗanki Jovsset da iyalinsa, da ƙaramar Gaddja mai sunan Inna. Magga da Risten suna gaishe ki, Kawu Heaika ya ce wai har yanzu kofinki ya fi na kowa rashin daɗi. In za ki ba da amsa, ki gaya mini yadda zan yi da ƙararrawar. Na zaga garken nan kaf, ban ga wuyan da zan rataya wa ba.

Ƙaninki,
Lemet