Ƙullin Ƙasa Daga Gindin Lemo

Zuwa ga angona Habibu, mai gudun gida,

Ƙulin ƙulifita! Rana ɗaya kuka zo duniya. Ita ba ta yi kuka ba, ba ta sha nono ba, ba a raɗa mata suna ba, amma ta riga ka shiga teku da shekara talatin. Wace ce? Yi ta tunani. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, balle ka ba ni gari, saboda haka yau dai na kayar da kai babu gardama.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata inda kake babu sanyi. Kada ka yi wa rubutuna dariya, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ba kai ka biya mini kuɗin alli ba.

Ga ni a Gwanzu, birnin Sinawa. Kawunka Bala ya kawo ni, da aka gama wasannin Olamfik ɗin nan aka sassauta wa mutane biza. Mun sauka a unguwar Shawbe, can saman bene, taga tana kallon titin Hwanshi. Kowa ya ce tsohuwa ba za ta iya tafiyar ba. To wa zai zo ya kwashe kayanka in ba matarka ta fari ba?

Yawuri lafiya lau. Ƙanwarka Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Na yi sabon ango ke nan, ya fi ka kyau, kuma ba shi da haƙoran da zai cinye mini goro. Uwarka Rabi ce dai. Ka san kai ne ɗan farinta, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba, kuma kunya ba ta bar ta ta yi kukanka a gaban mutane ba. An yi maka sallah babu gawa. Sai dai kullum da hantsi ta ɗauki bokiti ta je ta shayar da lemun tsamin nan na bayan ɗakina, inda kowa ya sani a nan na binne mabiyiyarka ranar da aka haife ka. Ta zauna a gindinsa har rana ta take. Ta ce mini tun da ba ka da kabari, aƙalla wani abu naka yana cikin ƙasar gida. Ranar da zan taso ta haƙo ƙasar wurin, ta ƙulle a gefen tsohon zaninta, ta ce in zuba maka a ruwa. Na karɓa na cusa a jaka ban dube ta ba. Ta ɗauka kawaici ne.

Kai ma dai ka cika rigima. Mutum yana zaune lafiya yana saye da aika kaya daga manyan shagunan unguwar Gwanyuwan, 'yan kasuwar Kwari suna rububinsa, rana ɗaya ya sayar da komai ya haɗa kai da wani tsohon Basine su sayi jirgin ruwa. Ba ma mai ɗaukar kwantena ba, ƙaramin nan mai doguwar sanda da farin ƙyalle, wanda iska ke turawa. Ka mai da shi ɗakin kwana, ka mai da shi madafa. Shekara biyu kana bugo mini waya daga tashar ruwa zuwa tashar ruwa. Yau kana Hainan, jibi kana wani tsibiri da babu kowa sai kwakwa da ƙaguwa. Ka ce yashin wurin ya fi garin tuwona fari. Ka ce in kun jefa ƙarfen da ke riƙe jirgi, sai ka kabbara sallah kana kallon alƙibla, ka sallame kana kallon Amurka. Na ce Allah Ya shirye ka, na yi ta dariya har ƙwalla.

Akwai wayar da ban yi dariya ba. Ka ce in ruwa ya kwanta, in ka sa kunnenka a katakon ƙasan jirgi, kana jin ana ƙwanƙwasawa a hankali, bibbiyu, kamar bugun ƙirji. Ka ce ba ka jin tsoronsa, ji kake kamar ka san shi. Na ce kifi ne, na ce katina ya ƙare. Kai ka kira, Habibu. Wane kati ne nawa zai ƙare?

Jiya Bala ya kai ni inda jirgin yake ɗaure, wata 'yar tasha ƙasa da Hwampu. Na ga abokinka, wanda kake kira Lawban, wato maigida. Ya rusuna har ƙasa, ya kira ni Mai Rowa, da ladabi, don ka koya masa wai sunana ke nan. Allah Ya isa tsakanina da kai. Na amsa masa.

Da ɗan Sinancin Bala na kasuwa muka ji yadda aka yi. Tsakar rana ce, babu iska, teku kamar an shimfiɗa tabarma. Kun ci abinci, shi ya sauka ciki ya kishingiɗa. Da ya fito, ga buta cike, ga darduma a shimfiɗe, ga takalmanka an jera su kusa da juna, bakinsu yana kallon ruwa. Kai da ko a masallaci ɗaya gabas ɗaya yamma kake yar da su. Kwana uku yana zagaya wurin. Na tambaye shi ko ya ji ihu, ko faɗuwar wani abu. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce meyo. Ita kaɗai ce kalmarsu da na iya, wai babu.

Na shiga ɗakinka, na sunkuya don rufin gajere ne. Ka san warin me na ji? Ba gishiri ba, ba kifi ba. Laka. Lakar bakin kogin Yawuri in ruwa ya janye. Bala ya ce shi man inji kawai yake ji. Na kore shi waje, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na sa kunne a katako. Ba zan gaya maka abin da na ji ba. Ka riga ni sani.

To ga abin da ya kawo ni. An haife ka a ɗakina, da tsakiyar damina, shekarar da kogi ya zo har bayan dangarmu. Ungozoma ta wanke abin, ta naɗe a tsumma, ta ba ni in binne, don yaro ya san hanyar gida komai nisan yawonsa. Na haƙa rami, ruwa ya cika shi. Na sake, ya cika. Na uku ma haka. Ga mai jego tana jiran kunu, ga bayana yana ciwo, ga kogi taku goma. Na duba babu kowa. Washegari na dasa ɗan lemo a kan ramin don kada wani ya tona, na riƙa ba da labarin yadda na haƙa har kafaɗa. Kai kanka sau nawa na ba ka labarin kana dariya?

Malamai za su ce camfi ne, ajali ne, kuma na yarda, wallahi na yarda. Amma me ya sa duk jikokina kai kaɗai ne ake tsamowa daga kwalekwalen mutane tun kana rarrafe? Me ya sa ba ka taɓa yin barcin kirki a kan gado ba?

Na kwance ƙullin Rabi a gefen jirgin, na yi bismillah na zuba. Ƙasa ai nitsewa take. Wannan ba ta nitse ba. Ta taru wuri ɗaya kamar faifai, ta tsaya, sannan ta kama hanyar teku, alhali ledoji da ganyaye duk ciki ruwan yake turo su. Lawban ya cire hularsa. Ni kuwa na ji kunya, kamar na kai wa baƙo kwano a rufe babu komai ciki.

Tun daga jirgin sama nake shirya yadda zan gaya wa Rabi. Na fasa. In na faɗa, na sami sauƙi, ita kuma ta rasa inda za ta kai bokitinta. Zan ce mata ƙasar ta nitse lafiya. Ƙarya ta biyu ke nan, zan haɗa da ta farko in riƙe, ba sauran nisa gare ni ba. Kai kuma, in ka je mata a mafarki, ka rufa mini asiri. In faɗa kake so, ka zo wurina, ka san ɗakin. Ka dai goge ƙafarka, kada ka jiƙa mini tabarma.

Ka yafe mini, angona. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ruwan ya yi maka taushi.

Taka har kullum,
Kakarka, Mai Rowa.

Af, amsar. Mabiyiyarka ce. Babu komai a gindin lemon nan. A kogi na saka ta.