Dunƙulen da Nosrat bai yanka ba

Asabar, 3 ga watan Azar
Na shiga ɗakin aikin mijina Nosrat yau, karo na farko tun rasuwarsa. Dunƙulen hatam ɗin, na adon katako, yana nan ɗaure da zare: tsinkayen ƙashin raƙumi da tagulla da itacen lemo, ya manne su ɗaya bayan ɗaya. Na madubin auren 'yarmu Shokuh ne. Sai an yanka shi siriri-siriri a lilliƙa a gefen madubin. Shatin babban yatsansa na jikin busasshen gam. Na rufe na fito.

Talata, 6 ga Azar
Ruwa tun safe. Bango na tsattsafo.

Juma'a, 9 ga Azar
Usta Yadolla, abokin sana'arsa, ya zo. Ya shinshina dunƙulen, ya girgiza kai. "Matar ɗan'uwana, danshi ya fara shiga. In ba a sa zarto ba, gam zai saki, ki kwashe tsinken sakace." Na ce zarto zai cinye shatin yatsan. Ya ce, "Mutumin da a Shiraz kaf ba a taɓa ganin gam a aikinsa ba! Da yana nan da ya kankare shi, ya zage mu duka biyu." Na yi dariya, sai kuka ya biyo.

Alhamis, 15 ga Azar
Na wanke kabarinsa da ruwan wardi, na tambaye shi ko a yanka. Shiru, kamar lokacin da yake da rai.
A hanya Shokuh ta ce, "Mama, bar shi, mu sayi madubin kasuwa." Ba ta dube ni ba. Tun tana ƙarama take zaɓar masa tsinkaye.

Lahadi, 18 ga Azar
Gefe ɗaya na dunƙulen ya tsage. Na naɗe shi da bargo na kai kusa da murhu. Ban san ko gyara nake ko ɓarna ba. Shekaru ina kai masa shayi, ban taɓa tambayar yadda ake aikin ba.

Talata, 20 ga Azar
Ban ce na yarda ba. Ƙofa kawai na bari a buɗe, na tsaya a tsakar gida ina jin zarton Yadolla.
Shokuh ta fito da yankan farko a tafinta, bai kai kaurin burodi ba. Taurari ne ƙanana, ja da fari. Ashe Nosrat ma bai taɓa ganinsu ba.
Gobe ni zan dafa gam ɗin. Na Yadolla ruwa-ruwa ne.