Kwallin Madina

Litinin, 6 ga Mayu
Likita ta dubi baƙin da ke idon 'yata Ariba, sannan ta dube ni. "Wa ke sa mata kwalli?" Na ce Ammi, mahaifiyata, kowace safiya tun tana wata shida. Ta ce wani kwallin yana da dalma a ciki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. An ɗebi jini, sakamako sai Asabar. Shekarar Ariba biyu da rabi, kalmominta ba su kai goma ba.

Talata, 7 ga Mayu
Na wuni ina karatu a kan dalma. Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi, sai yau na gano babu littafin da ke hana uba tsoro. Matata Farkhanda ta ajiye min shayi. "Farfesa, ka karance duniya. To, tashi ka je ka karanta wa Ammi. Ni dai suruka ce, ban isa ba."

Alhamis, 9 ga Mayu
Na gwada. Ammi ta ce, "Kwallin Madina ne fa, ɗan nan! Kai ka kawo min daga Umra da hannunka. Ko likitar taka ta fi Madina ne?" Na ce a'a. Na sulale, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a Madina na manta da saƙon kwallin Ammi. Shagunan littattafai ne suka ɗauke min hankali. A nan garinmu Multan na saya, wurin wani mai tebur a bayan tasha, ranar da na dawo.

Asabar, 11 ga Mayu
Dalmar ta haura ma'auni. Ba sosai ba, in ji likita. A daina yau, a sake gwaji bayan wata uku. Na tambaye ta batun rashin maganar Ariba. Ta ce, "Mu jira." Wata uku!

Lahadi, 12 ga Mayu
Na sami Ammi tana ɓare tafarnuwa, na faɗa mata komai. Ko kai ba ta ɗaga ba.
"Na sani tun ranar. A jaridar Multan ka naɗo shi."
"To me ya sa kika ci gaba da sa mata?"
"Ɗana ne ya kawo."
Ta ciro 'yar kwalbar kwallin daga bakin mayafinta ta miƙo min. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, muka ƙarasa tafarnuwar tare.
Na nemi abin dariya da zan rubuta a nan. Ban nema sosai ba.