Maus Ɗin Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar ƙaninmu Auta ce ta sa na rubuto. Ya zo shagona da maus ɗin kwamfutar da yake zanen gidaje da ita, yana ta faɗa. Wai maɓallin hagu sau biyu yake dannuwa, 'yar tayar tsakiya kuma sai ta gudu da shafi. Ya ce kullum jabun kaya nake ba shi don na ga ɗan gida ne.

Na jona shi, na buɗe shafin da muke gwaji, wanda duk maɓallin da aka danna yake kawo haske. Hagu lafiya, dama lafiya. Na murza tayar sama da ƙasa, tana tafiya daidai. Har kwance shi na yi na hure, ko ƙurar kirki babu. Sai na ce ya gwada da kansa.

Yaya, ina tsaye a bayansa na ga yatsansa ya buga sau biyu ba da saninsa ba. Babban yatsan kuma yana rawa a hankali. Hannun Baba na gani, sak yadda yake a shekarar da ya fara kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Na ɗauko sabo a kwali na miƙa masa, ya tafi yana tsokanata.

Tun ranar, ko shagon babu kowa sai in riƙa jin ƙas-ƙas ɗin maus ɗin nan. Ina cikin aiki sai in tsinci kaina na ajiye sukurdireba ina kallon nawa hannun. Don Allah kada Inna ta ji tukuna.

Ki gaishe da yara.

Ƙaninki.

Yayata,

Na samu amsarki, na gode da addu'a. Ina fatan kowa ƙalau.

Kin ce in same shi in faɗa masa. Ya riga ni. Shekaranjiya ya shigo, ya ajiye sabon a kan tebur, bai zauna ba. Ya ce, “Kada ka wahalar da kanka da gwaji, Yaya. Na ba abokin aikina ya gwada, maus ɗin lafiyarsa lau.” Ashe ya daɗe yana zargi. So yake a yi ta ce masa laifin maus ne.

Na rufe shago muka tafi asibiti. Likita ta sa ya miƙe hannuwa, ya taɓa hanci, ya ja layi a takarda. Ta ce sai sakamakon gwaji ya fito za ta kira ciwon da suna, amma an zo da wuri, kuma akwai magungunan da Baba bai samu ba. A hanya abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko zai ci gaba da zane. Na samo masa maus babba mai nauyi, na rage gudun kibiyar. Ya gama zanen wani bene jiya, ko da yake ya jima a kai.

Mun shirya mu jira zuwanki kafin a gaya wa Inna. Da yamma muka je gaishe ta, Auta ya cusa hannu a aljihu yana ta ba ta dariya. Ta kawo shayi, ta cika min kofi taf. Da ta zo kan nasa, sai ta tsaya a rabi, kamar yadda take zuba wa Baba a ƙarshen rayuwarsa don kada ya zube masa. Ta koma ta zauna.

Ki taho da wuri, Yaya. Ba na jin akwai sauran abin da za mu gaya mata, amma tana bukatarki.

Ina gaishe da maigidan.

Ƙaninki.