Birkin Yis ɗin Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Bayana kamar an daka. Ni ina kwaɓa fulawa a gidan burodi, Yaya tana kiwon yis, irin mai sa burodi tashi, a ɗakin bincike, amma ita ake gaisarwa da ladabi. Na ce ta sam min nata in gwada a kwaɓi. Ko murmushi.

Laraba, 5 ga Maris
Na dame ta sai da ta yi bayani. Wai cikin yis akwai wani guntun ƙwayar gado mai yawo, yana kwafar kansa yana liƙewa a sabon wuri. Saƙonsa, RNA, siririn zare ne, kuma yadda ya naɗe shi ke sa kwafin ya yiwu. In kwafi ya yi yawa, shi da kansa yake taka birki, kada ya kashe mai masaukinsa.
Na ce, "Mai yawo? Ashe ɗan'uwana ne."
Ta ce, "Shi yana da birki."

Asabar, 8 ga Maris
Ta ba ni zaren nata cikin kular ƙanƙara in kai ginin da injin awo yake, da babur ɗin rabon burodi. In ya ji ɗumi ya lalace. Na kai lafiya lau. Da zan dawo na jefa burodi a kular, na shigo gida ina salati, wai ƙanƙara ta narke abu ya tashi.
Na zaci duka za ta kawo. Zama ta yi a ƙasa.
"Auta, shi ne na ƙarshe. In bai yi ba Farfesanmu rufe aikin zai yi."
Na rantse wasa ne. Ba ta tashi ba. Inna ce ta zo, ko kallona ba ta yi ba, ta ɗaga ta.

Lahadi, 9 ga Maris
Gidan shiru. Na gaji, ban kuwa yi aikin komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Sakamako ya fito, zaren ya nuna naɗinsa, aiki zai ci gaba. Ina jira a ƙofar ɗakin bincike, Yaya ta fito har da ɗan gudu, ta cilla min farar rigarta. "Riƙe min, shaiɗan!"
Ga aljihun riga a buɗe, ga ƙadangaren roba a nawa, tun makon jiya na tanadar mata.
Na miƙa mata rigarta yadda ta ba ni.
Gajiya ce kawai, ba wani abu ba.